Takalmin da ake yi wa awo kamar ɗinkin Sallah

Duk wanda ya taɓa kallon gasar zamiyar ƙanƙara, wadda Turawa ke kira ski, ko da a guntayen bidiyon TikTok ne, zai iya lura da wani abu. Ɗan wasa na isowa gindin dutse, tun bai gama haki ba, sai ya sunkuya ya ɓalle maɗauran takalminsa. Ba yanga ba ce. Takalmin ne ya kama ƙafarsa gam, yadda ba zai iya jure tsayuwa a ciki yana hira da 'yan jarida ba.

Masu wannan wasa a Turai da Amurka suna da wata ɗabi'a da za ta ba mutum mamaki. Da yawansu ba su damu su yi hayar allunan zamiya duk inda suka je ba, amma takalmi kam nasu ne na kansu, har wasu ba sa yarda su sa shi a cikin kayan awo idan za su hau jirgi, a hannu suke riƙewa. Dalili kuwa shi ne takalmin nan shi ne sitiyari. Ana maƙala shi a kan allo, gaba da baya, duk motsin da ƙwauri da idon sawu suka yi ta cikinsa yake bi ya isa ga allon. In ƙafa na yawo a ciki, kai ka juya amma allo bai samu saƙo ba sai daga baya. A shekarar 2013 Bafaranshen nan Johan Clarey ya yi gudun kilomita 161.9 a awa ɗaya a gasar Wengen da ke Suwizalan. Gudun da ko direban Sharon a hanyar Kano zuwa Kaduna sai ya yi tunani kafin ya taka, shi kuwa ya yi shi a tsaye kan alluna biyu. A irin wannan gudu ɗan sararin da bai kai kaurin yatsa ba a cikin takalmi ya isa ya kai mutum asibiti.

Da can takalman fata ake amfani da su, masu igiya. A 1955 kamfanin Henke na Suwizalan ya fito da masu maɗauran ƙarfe, daga baya a shekarun 1960 wani Ba'amurke mai suna Bob Lange ya kawo na roba mai tauri. Robar ta gyara wasan ƙwarai, domin ba ta lanƙwashewa gefe kamar fata. Sai dai ta zo da nata ciwon kai. Fata tana saki a hankali har ta bi siffar ƙafar mai ita, kowa ya san haka daga takalmin da baduku ya ɗinka. Roba mai tauri ba ruwanta da kai. Yadda ta fito daga masana'anta haka za ta zauna, sai dai ƙafarka ta yi haƙuri. Daga nan sana'ar masu daidaita takalmi ta samo tushe, mutanen da aikinsu shi ne su tilasta wa roba ta bi ƙafa. A yau kusan duk garin da ake wannan wasa, daga Chamonix a Faransa zuwa Park City a jihar Utah, akwai shagunansu, kuma sanannun cikinsu sai ka kama layi tun kafin sanyi ya shigo.

Takalmin kashi biyu ne. Akwai ɓawo na waje, robar nan mai tauri, sannan akwai ɗan ciki mai laushi wanda ake iya zarewa gaba ɗaya. Manyan kamfanonin da ke ƙera shi, irin su Nordica da Tecnica da Dalbello, suna yankin Montebelluna a arewa maso gabashin Italiya. Ba sa amfani da lambar 42 ko 43 da muka saba. Tsawon ƙafa ake aunawa da santimita, tsarin da ake kira Mondopoint, saboda haka mai ƙafar santimita 27 takalminsa 27 ne ko 27.5. Wani abin da ba kowa ya sani ba: yawanci 27 da 27.5 ɓawonsu ɗaya ne, in ma akwai bambanci to a ɗan ciki yake ko a shimfiɗar ƙasa. Faɗi ma ana lissafa shi daban. Siririn takalmi yana kusan milimita 98 a wajen da ƙafa ta fi faɗi, matsakaici 100, mai faɗi 102 zuwa sama. Milimita biyu kacal fa, amma su ne tsakanin wuni cikin nishaɗi da wuni cikin azaba.

In ka shiga shagon gwani, abin farko da zai yi ba nuna maka takalmi ba ne. Zai ce ka tuɓe safa, ka naɗe wando zuwa gwiwa. Zai auna ƙafa biyun duka, a zaune da a tsaye, tunda kusan kowa ƙafarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya. Zai duba tudun bayan ƙafa, da kwarmin tafin ƙafa, da inda ƙashin idon sawu ya turo, da kaurin sha-raɓa, ya kuma sa ka lanƙwasa ya ga iya inda idon sawunka ke kaiwa. Zai tambaye ka nauyinka, da shekara nawa ka yi kana wasan, da kwana nawa kake yi a shekara. A nan ne samari ke cutar kansu. Wanda jiya-jiya ya koyi tsayawa sai ya ce shi gwani ne, don kada a raina shi, sai a ba shi takalmin da ya fi ƙarfinsa.

Taurin takalmi ana rubuta shi da lamba a jikinsa. Na masu koyo yakan fara daga wajen 60 zuwa 80, na ƙwararru ya kai 120 ko 130, na 'yan gasa ya wuce nan. Amma lambar ba ta da ma'auni ɗaya da duk kamfanoni suka yarda da shi, 110 na wannan kamfani ba lallai ya zama 110 na wancan ba. Sannan roba tana ƙara tauri a cikin sanyi, abin da ka lanƙwasa cikin sauƙi a ɗumin shago yana iya zama kamar siminti a kan dutse. Mai saye ta intanet lambar kawai yake gani.

Gwajin da ya fi kowane muhimmanci shi ne na ɓawo. Gwani zai zare ɗan cikin, ya ce ka zura ƙafa a cikin ɓawon haka nan, ka matsa gaba har yatsunka su taɓa ƙarshe. Sai ya haska tocila a bayan dunduniya ya duba sararin da ya rage. Ga yawancin mutane ana son santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. 'Yan gasa sukan sauko zuwa wajen ɗaya. In ya wuce biyu da rabi, takalmin ya yi maka yawa, komai daɗin da kake ji a ciki.

Kuma nan ne gizo ke saƙar. Takalmin da ya fi daɗi a shago, wanda ka sa ka ce "yauwa, wannan ne nawa", mafi yawan lokuta shi ne wanda ya yi yawa. Mu da aka raina da takalmin Sallah mai lamba ɗaya sama, wai "ai yaro girma yake yi", wannan darasi sai ya yi mana wuyar haɗiya. Ɗan cikin nan soso ne, bayan 'yan kwanaki ana wasa da shi zai lotsa ya ƙara sarari. Wanda ya zauna daidai a ranar farko zai koma kamar bokiti. Daga nan sai ƙafa ta fara zamewa gaba tana dukan ƙarshen ɓawo, farcen babban yatsa ya yi baƙi, wani lokaci ya fita ɗungurungum. Ƙwauri ya riƙa bugun harshen takalmi har ya kumbura. Mutum ya ga dunduniyarsa na ɗagawa, sai ya ƙara ɗaure maɗauran da ke saman ƙafa, ya danne jijiyoyin jini, yatsu su yi sanyi su mutu murus. Sai ya ce takalmin ya yi masa kaɗan, alhali yawa ya yi. Wasu ma su ƙara safa ta biyu mai kauri, abin ya daɗa lalacewa. Safa ɗaya siririya doguwa ake so, kuma ba a cusa ƙafar wando a ciki.

Yadda ya kamata a ji shi: in ka miƙe tsaye sak, yatsu su ɗan taɓa gaba. Da ka lanƙwasa gwiwa ka jingina ƙwauri a harshen takalmi, dunduniya ta koma baya ta zauna a gurbinta, yatsu su ja baya kaɗan. Riƙo ne mai ƙarfi ta ko'ina, irin na musabahar wanda ya daɗe bai gan ka ba. Abin da ba a so shi ne zafi a wuri ɗaya tak, kamar ana danna maka ƙusa.

To in an samu irin wannan wurin fa? Nan aikin hannu yake farawa, kuma shi ya sa gwanaye suka fi son su fara da wanda ya ɗan matse. Ƙaramin takalmi ana iya buɗa shi, babba kuwa ba yadda za a yi a mayar da shi ƙarami. Gwani zai yi alama a daidai inda ƙashi ke gogar ɓawo, ya gasa robar da iska mai zafi har ta yi laushi, ya sa wani ƙarfe ya tura ta waje 'yan milimitoci, ya bar ta ta huce a haka. Inda robar ke da kauri sai ya kankare ta daga ciki da ɗan inji. Wasu takalman zamani ɗungurungum ake sa ɓawon a tanda, a fito da shi da ɗumi ka sa, ka tsaya cik har ya huce ya ɗauki siffarka. Salomon da Atomic da Fischer duk suna da irin wannan. Akwai kuma ɗan cikin da ake ɗura wa ruwan soso alhali ƙafarka na ciki, ya kumbura ya cike kowane lungu ya daskare. Masu yi sun ce mintunan nan ba daɗi, amma sakamakon kamar an zuba ƙafar ne a ciki.

A ganina abin da aka fi rainawa shi ne shimfiɗar tafin ƙafa. Wadda ke zuwa daga kamfani falle ce kawai, ba ta tallafar komai. In mutum ya ɗora nauyi, kwarmin ƙafarsa yakan faɗa ciki, ƙafar ta ƙara tsawo da faɗi, ƙashin idon sawu ya koma yana gogar bango. Shimfiɗar da aka gasa aka zana da tafin ƙafarka tana hana wannan, shi ya sa gwanaye da yawa ba sa taɓa ɓawo sai sun fara gyara ta. Bayan haka akwai saita wuyan takalmi ya bi karkatar ƙwauri, musamman ga masu gwame ko masu ƙafar baka. Duk wannan yakan ci awa ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye.

Wani zai ce, mu da ko hunturunmu bai taɓa daskarar da ruwan randa ba, ina ruwanmu? Gaskiya ne, wasan na can ne. Amma ƙanƙarar ta fi kusa da yadda ake zato. Ski Dubai, wanda aka buɗe a 2005 a cikin Mall of the Emirates, da Ski Egypt da aka buɗe a 2017 a gefen Alƙahira, duk garuruwa ne da mutanenmu ke zirga-zirga. Akwai Oukaïmeden a duwatsun Maroko kusa da Marrakesh, da Afriski a Lesotho. 'Yan uwanmu da ke karatu a Turkiyya suna da Uludağ kusa da Bursa da Erciyes a Kayseri. Kwame Nkrumah-Acheampong, wanda ya wakilci Gana a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010, a wani filin ƙanƙara na cikin gini a Milton Keynes ta Ingila ya koyi wasan, yana babba. Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a Beijing a 2022, ko da yake nasa tseren nisa ne, takalminsa mai laushi ne kuma dunduniya a sake take.

Wanda zai yi awa biyu a Dubai don ɗaukar hoto ba ya buƙatar kashe ɗaruruwan daloli, na haya ya ishe shi. Ya dai faɗi tsawon ƙafarsa da santimita, kada ya karɓi babba don ya fi saurin shiga, ya buga dunduniya ƙasa kafin ya ɗaure, ya fara da maɗauran ƙwauri, na kan yatsu kuma ya bar su sako-sako yadda yatsa ɗaya zai iya rufe su. Wanda kuwa zama ya kama shi a ƙasar sanyi har wasan ya shiga ransa, in ya tashi saye, ya tambayi shagon ko gyaran baya yana cikin kuɗin. Da wuya a gama aikin a zama ɗaya. Sai ka yi kwana biyu ko uku a kan dutse, ka dawo ka nuna wa gwani daidai inda fatar ta yi ja, ya sake kunna na'urar zafinsa.