Goncharov: Fim Ɗin Da Ba A Taɓa Ɗauka Ba

A watan Nuwamba na 2022, ma'abota shafin Tumblr suka haɗu suka ƙago fim mai suna Goncharov, wai daraktan fina-finai Martin Scorsese ne ya fitar da shi a 1973 kan 'yan mafiya na birnin Naples na Italiya. Sunan daga tambarin wani takalmin jabu aka tsinto shi. Wannan ya zana fosta, wancan ya tsara kiɗa, wani ya rubuta sharhi. Wasu za su ce yaɗa ƙarya ne. To amma ƙarya sai da wanda ake son yaudara, su kuwa sun san wasa suke yi, kamar masu sauraron tatsuniya. Hasali ma sun tabbatar da cewa 'yan kallo, in suka haɗa kai, su ma masu ƙirƙira ne.