Wa Ya Buɗe Hancin?

Ƙulun ƙulufit! Ƙofa tana rufe, mai gida ya rantse a buɗe take, kuma bai yi ƙarya ba. Mece ce?

Kada ka yi saurin ba ni gari. Zo mu leƙa Gafasa, a ƙaramar hukumar Ajingi, cikin hunturu, lokacin da hazo ya rufe rana, kowa na jan majina. Ga magidanci hancinsa ya toshe tun la'asar, da baki yake numfashi. Uwargida ta tafasa ruwa ta juye a kwano, ta lakato man zafi irin su Robb ko Mentholatum da ake samu wurin mai tebur, ta jefa ciki. Ya lulluɓa da bargo ya hau sirace. Ba a jima ba sai ga murya daga ƙarƙashin bargon: "Alhamdu lillahi, ya buɗe!" To, wa ya buɗe shi?

Wanda na fara kamawa shi ne tururi, tun da shi aka gani a wurin. Sai dai ɗan acaɓa da ya shafa man a busasshe ƙarƙashin hancinsa, babu ruwa babu bargo, shi ma haka yake cewa. Yaron da ya tsotsi alewar Tom Tom ma ya ja iska ya ji wasai. Tururi bai je wurinsu ba. Na sallame shi.

Na biyu, wato man zafin kansa, ya fi kama da mai laifi. Toshewar hanci yawanci kumburin jijiyoyin jini ne na fatar ciki, majina 'yar rakiya ce. Man nan kuwa cike yake da kafur da mantol, sinadarin da ake fitarwa daga man na'ana'a, wanda manoman Uttar Pradesh a Indiya suka fi kowa nomawa. Ke nan mantol ne ke sa kumburin ya saɓe? Haka kowa zai ce. Farfesa Ronald Eccles na jami'ar Kadif a Birtaniya, wanda ya shafe shekaru yana binciken mura, ya sa na'ura ta auna yadda iska ke ratsa hanci kafin a shaƙi mantol da bayan an shaƙa. Mutanen suka ce sun samu sauƙi. Na'ura ta ce babu abin da ya motsa.

Af! Ashe camfi ne? Gwada da kanka. Shafa man a bayan hannunka, ka hura. Sanyi za ka ji, ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Fatar kuwa tana nan da ɗuminta.

Tururi ya kuɓuta. Kumburi yana nan. Camfi ya wanke kansa. Saura wa?

Bari in tambaye ka: da me kake sanin iska ta shiga hancinka? Ba ka da ido a ciki. Da sanyinta kake sani. A fatar cikin hanci akwai bakunan jijiyoyi masu ɗauke da wani ɗan mai gadi da masana ke kira TRPM8, aikinsa ɗaya ne: da zarar ɗumin wurin ya sauka ƙasa da kamar digiri 26, sai ya aika wa ƙwaƙwalwa cewa sanyi ya wuce. Ita kuma ta saba, sanyi mai yawa a hanci iska ce mai yawa. Mantol yana zuwa ya zauna a kan mai gadin nan, shi kuwa ya kwarara rahoto alhali babu abin da ya wuce. Ƙwaƙwalwa ta karɓa hannu biyu-biyu. Magidancinmu bai yi ƙarya ba, shi aka yi wa.

A 2002 aka gano mai gadin, kuma da mantol ɗin David Julius ya farauto shi a San Faransisko, Ardem Patapoutian ma ya cim masa a shekarar ta tasa hanyar. A 2021 suka raba kyautar Nobel. Julius ɗin ne tun 1997 ya tona asirin barkono, wanda ke ruɗin jijiyar jin zafi har mai cin tsire ya yi gumi.

Ni dai ban ga aibin wannan ruɗi ga babba ba. Wanda ya ji hancinsa a buɗe ya yi barci, mura kuma ta gama kwanakinta ta tafi. Jariri ne abin tsoro. Ba a shafa wa ɗan ƙasa da shekara 2 irin wannan mai a hanci, kafur kuma in yaro ya haɗiye shi yana iya sa shi jijjiga. Tun 1980 likitoci a Legas, cikinsu har da Olikoye Ransome-Kuti, suka ba da rahoton cewa hodar mantol da ake barbaɗa wa cibiya tana da hannu a shawara mai tsanani ga jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD a jini. Yaron da ke haki, awazunsa na lotsawa in ya ja numfashi, ba na man zafi ba ne. A ɗauke shi sai asibiti.