Lambun da Zai Riƙe Zuma da Tsuntsaye Har Ƙarshen Rani

Sau da yawa kabewa takan yi yaɗo mai kyau, fure ya cika ta, amma 'ya'ya ƙalilan. Mai ita ya ɗora laifin a kan taki, alhali ƙudan zuma ne bai zo ba. Furen kabewa iri biyu ne, namiji da mace, kuma ana gane macen da ɗan kumburin da ke gindinta. Da sassafe suke buɗewa, kafin azahar sun yanƙwane. In ba a sami ƙwaron da ya ɗebo garin furen namiji ya kai wa macen a wannan ɗan lokaci ba, kumburin sai ya yi rawaya ya faɗi. Haka kankana take. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gona suna cin gajiyar irin wannan barbara.

Da damina kowane daji fure ne. Wuyar tana rani, lokacin da ciyawa ta bushe. Saboda haka mai son lambunsa ya riƙe waɗannan halittu sai ya zaɓi itatuwan da ke karɓa-karɓa. Magarya tana fure wajen ƙarshen damina, 'ya'yanta su nuna da sanyi, tsuntsaye su samu. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, yana fure da shigowar rani. Kaɗanya da ɗorawa su biyo baya cikin tsakiyarsa. Kuka kuwa sai gab da damina, kuma fararen furanninta da dare suke buɗewa, jemage ne babban baƙonsu. Darbejiya, da aka kawo daga Indiya, tana da inuwa, amma in ita kaɗai ce a unguwa, fure ya zama na lokaci guda ke nan.

Ba dole sai an sayi dashe ba. A jihar Maraɗi, tun wajen 1983, manoma tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka fara barin tohon kututturan da ke gonakinsu, suna rage shi zuwa 'yan rassa masu ƙarfi. Suka kira shi sassabin zamani. An kiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Tohon da ke da tsohuwar saiwa ya fi sabon dashe jure fari.

Tsuntsu kuma, bayan abinci, ruwa yake nema da maɓoya. Kasko mara zurfi a inuwa ya wadatar, a zuba tsakuwa a ciki don zuma ta sami wurin tsayawa kada ta nutse, a riƙa sauya ruwan saboda sauro. A bar kusurwa guda ba shara: kurciya da kanari su tsinci irin ciyawa, marai ya sami abin saƙar sheƙa. Tsohon icce mai kogo, in ba ya barazana ga ɗaki, gidan cilakowa ne.

Abin da ke rusa wannan duka shi ne feshi. Maganin ƙwari bai san abokin manomi ba, kuma yawancin ƙananan tsuntsaye da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu. In feshin ya zama dole, a kauce wa shukar da ke cikin fure, a kuma bari sai la'asar sakaliya, bayan zuma ta koma amya.