Hawan Jini Ga Dattawanmu Na Khartum Da Omdurman: Dalilansa Da Maganinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, sau da yawa mukan ji an ce dattijo ya yanke jiki ya faɗi a sahun sallah, ko ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Nan da nan sai a fara zargin iska ko sammu, alhali galibi hawan jini ne da ya shekara yana cin mutum ba a sani ba. Binciken da Ma'aikatar Lafiya ta Sudan ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan ƙasar yana ɗauke da shi.

Zuciya tana tura jini ne ta cikin jijiyoyi. Idan ƙarfin turawar ya kai 140/90 ko ya wuce, kuma aka auna a ranaku daban-daban aka same shi haka, to shi ne hawan jini. Yawanci ba ya zuwa da ciwon kai ko jiri. Na'urar awo kaɗai ke tona shi. Idan aka bar shi, ƙarshensa shanyewar jiki, ko bugun zuciya, ko lalacewar ƙoda da ido.

Me ke kawo shi?

Na farko tsufa. Jijiyar yaro tana da taushi, tana buɗewa idan jini ya zo. Ta dattijo kuwa ta yi tauri, dole zuciya ta ƙara ƙarfi. Shi ya sa lambar sama ce ta fi hawa ga wanda ya haura sittin. Akwai kuma gado, da ƙiba, da ciwon suga, da ciwon ƙoda.

Na biyu abin da muke kai wa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba. To a lissafa fasikh, kifin nan da ake jiƙawa da gishiri, da dunƙulen magi a miya, da yajin agashe, da wanda ake barbaɗa wa ful da safe. Tumbak da sigari su ma suna lalata jijiya.

Na uku magungunan ciwon jiki. Dattijon da ya yi rayuwarsa a gareji ko wurin walda a Mantiƙa Sina'iyya, gwiwa da baya na damunsa, sai ya riƙa sayen diclofenac ko ibuprofen kullum. Waɗannan suna ɗaga jini, suna kuma taɓa ƙoda.

Maganinsa

A rage gishiri, a bar taba, a yawaita ganye da kayan marmari, a yi tafiyar ƙafa ta minti 30 a mafi yawan ranakun mako. Idan likita ya rubuta ƙwaya irin amlodipine ko losartan ko lisinopril, a sha kullum. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: ƙwayar tana danne ciwon ne, ba ta kore shi. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye ta, jininsa zai sake hawa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe asibitoci da kantunan magani masu yawa a Khartum, dattawa da dama suka yi watanni babu ƙwaya. Duk wanda maganinsa ya yanke, ya je a sake auna shi kafin ya koma kan tsohon adadi. Kada kuma ya ari na maƙwabci.

Karkade, wato zoɓo, yana ɗan sauke jini idan ba a cika masa suga ba, amma ba ya maye gurbin magani. Haka ma ƙaho da habbatus sauda. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, domin Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da shi.

Game da azumi, mafi yawan masu hawan jini suna iya yi, sai a mayar da ƙwayar lokacin sahur ko buɗa-baki bisa shawarar likita. Mai shan maganin da ke sa yawan fitsari ya yi hattara, don zafin Khartum kan wuce digiri 40. Wanda likita amintacce ya hana shi azumi, shari'a ta ba shi rangwame: ya rama, ko ya ciyar idan ciwon ba mai tafiya ba ne. Dattijo mai shan magani ya riƙa tashi daga zaune ko sujada a hankali, gudun jiri.

Idan baki ya karkace, ko magana ta harɗe, ko hannu ya mutu, a garzaya asibiti a take, a yi addu'a a hanya.

Muna kira ga kwamitocin masallatai su sayi na'urar awo, ɗalibanmu su koyi aiki da ita, a riƙa auna iyayenmu bayan Juma'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo wa Sudan da zaman lafiya. Amin.