Tsare Dabbobi Saboda Gubar Dalma: Darasin Zamfara ga Gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Runji

Wannan maƙala za ta dubi mataki ɗaya daga cikin matakan gaggawa da hukuma kan ɗauka don kare abinci, wato hana dabbobi fita daga wurin da ake zargin sun ci dalma. Za mu nuna cewa matakin ya sha bamban da killacewar da makiyayanmu suka saba gani lokacin bushiya ko ciwon huhu, kuma rashin lura da wannan bambanci na iya sa a rufe hanya a banza.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da Ƴar Galma, daga baya kuma Bagega. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma daka shi ana niƙa shi a cikin gida, ƙurar tana sauka a tsakar gida da rijiya da abinci. Yara aƙalla 400 suka rasu. A wasu wurare an auna dalma a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan. Abin da ya fi shafar batunmu shi ne bayanin da mutanen ƙauyukan suka yi wa masu binciken hukumar CDC ta Amurka, cewa agwaginsu sun ƙare tun kafin yara su fara faɗuwa. Da an tambayi dalilin mutuwar agwagwa, da an farga da wuri. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Dalma ba ƙwayar cuta ba ce; saniyar da ta ci ba ta shafa wa ta kusa da ita. Dabba na samunta ne ta ciyawa mai ƙura, ko ruwan kududdufin da aka wanke dutse, ko lasar ƙasa, ko kuma tsohon batir na mota ko na hasken rana da aka jefar a juji, abin da shanu ke son lasa. Maraƙi ya fi saurin kamuwa. Ana ganin makanta, da cizon haƙora, da dalalar miyau, da dafa kai ga bango, da farfaɗiya. Sai dai wadda ta nuna alama ba ita ce abin tsoro ba, domin mai saye zai guje ta. Abin tsoro ita ce wadda ta ci kaɗan kaɗan, tana tafiya garas. Dalmar tana taruwa a hanta da ƙoda da ƙashi, tana kuma fita ta nono, gutsattsarinta na iya zama a tumbi watanni. Ma'aunin Codex ya iyakance dalma a miligiram 0.1 cikin kilo na nama, 0.2 a kayan cikin shanu, 0.02 kacal a madara. Ga al'ummar da ke dama fura da nono kullum, ta kuma ba yaro hanta don ya yi ƙarfi, waɗannan alƙaluma biyu na ƙarshe su ne na lura.

An ga yadda matakin ke aiki a Ingila a ƙarshen 1989, lokacin da dusar shinkafa daga Bama ta gurɓata da dalma a jirgin ruwa, ta shiga abincin shanu. Gwamnati ta yi amfani da wata doka ta 1985 ta hana fitar da shanu da madara daga gonaki sama da dubu, tana sakinsu bayan gwaji. A can, dabbar da ta ci dalma akan tsare ta makonni 16 kafin a yarda a yanka. Amma gonar Ingila tana da shinge, kuma an san wanda ya sayi dusar.

Garken Maraɗi ba haka yake ba. Gidan Runji na maƙwabtaka da arewa maso yammacin Najeriya, Agiye da Gazawa na fuskantar Katsina. Makiyaya kan gangara kudu da rani su dawo da damina, kuma tun 2019 dubban ƴan gudun hijira suka shigo Gidan Runji. Haƙar zinariya ma ta iso jihar: a Nuwamban 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka mutu. Ba kowane dutsen zinariya ke da dalma ba, shi ya sa awon ƙasa da ruwa ya kamata ya riga doka.

A ganinmu rufe iyaka ko kasuwa gaba ɗaya ba ya maganin wannan matsala. A Satumban 2021 Zamfara ta rufe kasuwannin mako ta hana safarar dabbobi saboda tsaro. Irin wannan doka tana hawa kan kowa, mai laifi da marar laifi, kuma wanda ya matsu zai bi daji ya sayar da araha. Idan dalma ce dalili, dabbar da ake nema ita ce za ta fara sulalewa. Abin da ya dace shi ne tsarewa mai iyaka: garken da ya yi kiwo ko ya sha a wurin da aka tabbatar, a kau da shi daga wurin, a sa masa alama, a hana yanka da sayar da nononsa zuwa wa'adin da gwajin jini zai nuna. Labarin inda garke ya bi yana wurin arɗo da sarkin fawa da dillalai, ba a takardar izinin ƙetare iyaka kaɗai ba.

Wurin da aikin zai fi wuya shi ne cikin gida. Macen da ke da jar akuya biyu, ko magidancin da ya turke rago don Babbar Salla, ba zai iya ciyar da dabba wata huɗu ba tare da sayarwa ba. In ba a tanadi harawa da dusa da diyyar nonon da za a zubar ba, ba wanda zai kai rahoton saniyarsa ta makance, mahauci zai kira da dare.