Wa zai cike ramukan ma'adinai idan haƙa ya ƙare?

A yankin Ƙanƙara da ke jihar Katsina an daɗe ana haƙar farar ƙasa, yayin da Faskari da Sabuwa ke maƙwabtaka da Zamfara da Birnin Gwari, inda haƙar zinariya ta zama sana'ar jama'a da dama.

Sai dai idan ma'adinin ya ƙare, manomi ne ake bari da ramuka da tsibin ƙasar da ba ta noma.

Wannan matsala ce ta sa Amurka ta kafa doka a 1977 kan haƙar kwal a sararin ƙasa. Kafin kamfani ya soma aiki, sai ya ajiye kuɗin jingina da za su ishi hukuma ta gyara filin da kanta idan ya gudu ko ya karye.

Ba a sakar masa kuɗin gaba ɗaya sai ya cike ramin, ya mayar da ƙasar sama, ya yi shuka, sannan an jira shekaru 5, ko kuma 10 a yankunan da ke da ƙarancin ruwan sama, domin a tabbatar tsirrai sun kama.

To amma wasu jihohin ƙasar sun bar manyan kamfanoni su tsaya wa kansu, ba tare da ajiye ko sisin kwabo ba. Haɗarin hakan ya fito fili lokacin da kamfanin Peabody ya bayyana karyewa a 2016.

A Najeriya, dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun kare muhalli da gyara shi, wanda masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki, tare da gabatar da shirin gyaran fili tun kafin a fara aiki.

Tanadi ne mai kyau, amma mai lasisi kawai yake kamawa. Masu haƙa da diga da shebur a ƙauyuka galibi ba su da rajista, kuma matsalar tsaro ta sa zuwan jami'ai dazukan yankin ya yi wuya.

An ga sakamakon haka a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400. Gwamnatin tarayya ce ta biya kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin Bagega, kuma aikin bai soma ba sai a 2013.