Eyam: Ƙauyen da Ya Kulle Kansa Don Maƙwabta Su Tsira

A cikin tsaunukan Derbyshire da ke ƙasar Ingila akwai wani ƙauye mai suna Eyam, wanda mazaunansa ba su wuce kimanin dubu ɗaya ba. Shekaru aru-aru haƙar dalma ce abin dogaron mutanensa, amma abin da ya fito da sunansa duniya shi ne annobar da ta afka masa a shekarar 1665.

Cutar ta shigo ne a cikin ƙunshin yadi da aka aiko wa wani tela daga Landan, inda annoba ke ta kisa a lokacin. Mai taimaka wa telan, George Viccars, shi ya fara rasuwa a watan Satumba. Da zafi ya dawo a 1666 mace-mace suka ƙaru, jama'a suka fara tunanin gudu. Sai limamin cocin garin, William Mompesson, da wanda ya gabace shi, Thomas Stanley, suka shawo kan mutane a kan shawara mai ɗaci: ba shiga, ba fita, kada a kai wa garuruwan kusa cutar.

Maƙwabta kan ajiye musu abinci a bakin iyaka, su kuma su saka kuɗi a ramukan wani dutse da aka cika da ruwan khal. Aka mayar da ibada fili, a wani kwari da ake kira Cucklett Delf. Kowane gida shi ke binne mamatansa; Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Matar limamin, Catherine, ita ma ta rasu. Kafin annobar ta lafa a ƙarshen 1666, ta ci rayuka kusan 260.

A yau Eyam na da makarantar firamare, da shaguna, da wuraren shan shayi, da gidan tarihi da aka buɗe a 1994. Cocin St Lawrence na nan, da tsohon gicciyen dutse a harabarsa wanda ya haura shekara dubu. Akwai kuma gidan Eyam Hall na iyalin Wright, da kwamin dutse na ruwan sha da aka girka tun 1588. A jikin wasu gidaje an kafa alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a cikinsu.

Ƙarshen watan Agusta lokacin biki ne. Mutanen gari kan ƙawata rijiyoyi da zane-zanen furanni a kan laka, a gasa tunkiya, kuma a Lahadin ƙarshe na watan a taru a Cucklett Delf don tuna mamata.

Babu soja ko ɗan sanda da ya tsare mutanen Eyam. Shugabannin da suka amince da su ne suka yi musu bayani, suka kuma zauna cikin wahalar tare da su, maƙwabta kuwa ba su bar su da yunwa ba. Duk al'ummar da ke son a bi dokar lafiya ranar annoba, sai ta fara tanadin waɗannan abubuwa tun ana zaune lafiya.